A Raya Kango Kafin A Sari Sabon Fili: Batun Masana'antu A Ƙasar Kura Da Bunkure

Cikin watan Oktoba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wani shiri na keɓe wurare musamman inda za a tara masana'antun sarrafa amfanin gona, da taimakon Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci. Jihohi 7 da Abuja aka zaɓa a zagayen farko, Kano kuwa tana ciki. Tun kafin wannan, cikin 2020, an soma shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, tsawonsa kilomita 614, don masana'antun Arewa su sami makamashi mai araha. Duk mai kishin ƙasar nan zai yi murna da jin waɗannan labarai. In kuwa ana maganar sarrafa amfanin gona a Jihar Kano, idon kowa a kan ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam ya ke, gama nan ne rumbun shinkafa da tumatir.

Amma akwai tambaya guda wadda mu ke so masu karatu su riƙe. Kafin a sake karɓar gonakin talakawa a kewaye su da katanga, me aka yi da filayen da aka riga aka karɓa, da gine-ginen da aka riga aka yi? Ra'ayinmu shi ne, a fara da raya kango. Kango kuwa ba zai tashi da sabon fenti ko sabon inji ba, sai an daidaita shi da gonar da za ta ciyar da shi, an kuma ba manomi dalilin da zai sa ya kai masa amfaninsa. Bari mu bi maganar daki-daki.

KURA BA BAƘUWAR SANA'A BA CE

Wanda bai san tarihi ba ya kan zaci sai da Turawa suka zo aka san masana'anta a ƙasar Kano. Alhali kuwa tun ƙarni na 19 Kura ta yi suna wajen rini da bugu. Masaƙa na ƙauyuka suna saƙa turkuɗi, marina suna tsoma shi a karofi, mabuga suna buga masa shuni har ya riƙa walƙiya, fatake kuma suna kai shi Agadas da cikin Sahara, inda Buzaye su ke sayensa da tsada. Har yau sunan rawani ɗan Kura bai ɓace ba. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano su ke kai wa ƙasashe masu nisa.

Abin lura a nan shi ne yadda sana'ar ta ke tsaye. Audugar ta gonar kusa ce, baban ma haka. Manomi shi ne masaƙi da rani, matarsa ke kaɗi, ɗan'uwansa ke rini. Kowane karofi an haƙa shi ne daidai da yawan zanen da zai samu. Ba wanda ya haƙa rami dubu sa'an nan ya zauna yana jiran a kawo masa zane.

RUWAN TIGA

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, Gwamnanta na farko, Audu Bako, ya sa ƙarfinsa ga tare ruwa. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Wani kamfanin masana daga ƙasar Holan, NEDECO, ya zana yadda za a raba ruwan, aka fara gwaji a Kadawa, daga bisani aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 1976. An shirya kashi na farko zai shayar da hekta 22,000, watau wajen eka 54,000, ko da ya ke abin da aka gyara ya tsaya a kamar kashi biyu cikin uku. Babbar ni'imar wannan aiki ita ce ruwan da ƙafarsa ya ke zuwa, yana gangarowa daga Tiga ta babbar magudana, ba sai an sa inji ya ɗago shi ba. Wanda kakansa ya sha wuyar jigo a fadama ya san darajar wannan.

Ruwan nan ba kyauta ya zo ba. An tashi ƙauyuka don a yi tafkin, an karɓi gonaki aka daidaita su, aka yanki rabo don magudanu da hanyoyi da ofisoshi da ɗakunan ajiya. Mutane sun haƙura ne bisa alkawarin arziki zai biyo baya. Noma kam ya samu. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da alkama da masara. Bayan shekaru magudanu suka cike da laka da kacala, ruwa ya daina kai wa na ƙarshen layi, har cikin 2014 Bankin Duniya ya yarda da rancen da ya kusa dala miliyan 500 don gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, na kogin Kano yana ciki, tare da na kwarin Haɗejiya da Bakolori da Daɗin Kowa. An yashe magudanu, an kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Rabin alkawarin ke nan. Ɗaya rabin, watau sana'ar da za ta juya amfanin gona ya zama kayan sayarwa mai daɗewa, shi ne har yanzu ya ke ɗingishi.

DARASIN KADAWA

Kowa ya bi hanyar Zariya tsakanin watan Janairu da Afrilu ya ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan, ya kuma ga wanda aka yanyanka aka shanya a ƙasa don a yi kauɗa. Masu bincike sun daɗe suna ƙiyasta cewa abin da ke lalacewa cikin tumatirin Nijeriya kafin ya kai tukunya ya kai kashi 40 cikin 100, alhali ƙasar tana kashe kuɗi tana sayo na gwangwani daga Sin da Italiya. Sabo da haka, sa'ad da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa cikin watan Maris na 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana, jama'a suka ce an zo wurin.

Ba a daɗe da buɗewa ba injin ya tsaya. A wannan shekara ce tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suna ce mata sharon, ta auka wa gonaki. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓullo ta Sifen cikin 2006, ta yaɗu har ta iso mu. Ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ɗan abin da ya tsira ya yi tsada ƙwarai. Masana'antar ta sake buɗewa cikin 2019, amma ba ta sami tumatirin da zai ishe ta ba, aikin ya riƙa tafiya yana tsayawa.

To, bai kamata a ɗora wa tsutsa laifin duka ba, gama ruwa ba ya tsami banza. Mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. In mota ɗaya tana ɗaukar tan 30, tan 1,200 mota 40 ke nan kowace rana, ba fashi. Manomin Kadawa kuwa gonarsa eka ɗaya ce ko biyu. Sai dubbansu sun shuka iri ɗaya, a kan tsari, wasu su riga wasu, sa'an nan za a sami wannan lodi kullum har ƙarshen kaka. Har wa yau, irin da inji ke so shi ne mai tsoka da ƙarancin ruwa, ba lalle ne ya zama wanda manomi ya saba da shi ba. Sa'an nan ga batun farashi. Ran da kasuwa ta cika, kwando ya faɗi, manomi yana neman masana'anta ido rufe. Ran da kaya suka yi wuya, dillalan da ke lodi zuwa Ikko su kan ba da abin da masana'anta ba za ta iya biya ba, in dai tana so ta yi gasa da na gwangwanin waje. Manomi mai iyali da bashin taki ba za a zarge shi ba in ya bi inda kuɗi su ke. Mai masana'anta kuma ba za a zarge shi ba in ya ƙi kunna inji a kan hasara. Ga shi kuwa kakar tumatir wata uku ce ko huɗu, sauran watanni inji yana kwance, gini yana tsufa, ma'aikata suna watsewa.

Wannan ba a Kadawa kaɗai ya faru ba. Masana'antar tumatir ta Ikara, a Jihar Kaduna, wadda aka kafa cikin 1981, ta yi shekaru masu yawa a rufe kafin a ba 'yan kasuwa ita su gwada. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

INJINAN CASA NA KURA

Yanzu mu dubi ɗaya gefen. A cikin garin Kura da kewayensa akwai ƙananan injinan casar shinkafa masu yawan gaske, waɗanda ba Gwamnati ce ta kafa su ba, ba kuwa wanda ya yanka musu ƙyalle ranar buɗewa. Manomi ya kawo shanshera, mata su turara ta su shanya, mai inji ya cashe, 'yan dako su loda, 'yan kasuwa su zo daga nesa su saya. Ko ɓuntun ba a yar da shi, da shi a ke hura wuta. Wannan ita ce tsohuwar sana'ar karofi ta dawo cikin sabuwar riga: kowane inji daidai da abin da zai samu, ribar kuma tana zagayawa cikin gari.

Ba mu ce ba su da aibu ba. Shinkafar ƙaramin inji ta kan zo da tsakuwa da karyayye, sabo da haka ba ta samun farashin ta babban kamfani. Wurin shanya ya yi kaɗan, har a kan shanya a bakin titi. Hayaƙi da ƙura suna cikin unguwa, tsakanin gidajen mutane. Man inji kuma yana cinye ribar, balle tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, kome ya ƙara tsada. Watau ga sana'a mai rai ta rasa fili da wuta da ɗakin ajiya, ga kuma fili da katanga da ɗakin ajiya sun rasa sana'a. Aikin hukuma shi ne ta haɗa su aure.

KANGAYEN BIRNI

Kura ba ta fi kamar mil 20 daga birnin Kano ba, kuma abin da ya sami unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa ya shafe ta. A shekarun 1970 Kano ce ta biyu bayan Ikko wajen masana'antu: masaƙu, da matatun man gyaɗa, da majemu, da masu yin alewa da robobi. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari. Masana'antu da yawa suka rufe. Wasu aka mai da su wurin ajiye kayan da aka sayo daga waje, watau gidan da a da ya ke yin kaya ya koma mai gadin kayan wani.

Akwai kuma ciwon canjin manufa. Cikin 1987 aka hana shigo da alkama, manoman Kadawa suka duƙufa, bayan 'yan shekaru aka janye hanin. Cikin 2017 aka ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatir na waje zuwa kashi 50 cikin 100. Cikin Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, manyan injinan shinkafa suka yawaita a Kano, cikin Disamba 2020 aka buɗe. Cikin Yuli 2024, sabo da tsadar abinci, aka ba da damar shigo da wasu hatsi ba haraji har kwana 150, masu injinan shinkafa suka yi ta kuka. Kowane mataki yana da hujjarsa a lokacinsa, amma mai kuɗin da zai gyara kango yana lissafin shekara goma ne ko ashirin, ba zai sa dukiyarsa inda doka ke juyawa kamar iskar bazara ba.

FILIN NA WANE NE?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta gaji Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta sa ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna domin jama'a. Wanda aka ba takardar fili don ya yi masana'anta an ba shi ne bisa sharuɗɗa, dokar kuma ta ba Gwamna ikon soke takardar in an saɓa sharuɗɗan, ko in bukatar jama'a ta tilasta, tare da biyan diyyar abin da aka gina. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a gare mu. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan raya mataccen fili, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi ɗan littafi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasa. Asalin maganar ɗaya ce: ƙasa ta mai raya ta ce.

Duk da haka muna jan kunne. Ikon soke takarda wuƙa ce mai kaifi biyu. In aka yi amfani da shi don a ƙwace na wane a ba wane, ko don a yanka filin masana'anta a sayar fuloti-fuloti, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Kada kuma a manta da Bakolori, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga hasarar rayukan manoma cikin watan Afrilu na 1980. Wannan kaɗai ya isa hujjar a gama da filin da ke hannu kafin a nemi na talaka.

Wasu ƙasashe sun sha irin wannan. A kwarin Rur na ƙasar Jamus, da ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe suka mutu, Gwamnatin jihar ta kafa asusu wajen 1980 wanda ke sayen kangaye, ya tsabtace ƙasar daga guba, sa'an nan ya sayar ko ya ba da haya ga masu sabuwar sana'a. Ba mu da kuɗinsu, amma tsarin aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa kafin a fara shi. Batun guba kuwa ya shafe mu, gama an daɗe ana kukan dattin majemu da ke kwarara cikin kogin Chalawa. Filin da aka yi jima a kansa ba a mai da shi wurin abinci sai masana sun auna ƙasar.

ABIN DA MU KE GANI YA KAMATA

Da farko a ƙidaya. Kowace ƙaramar hukuma, Kura da Bunkure da Garun Malam, ta buɗe littafi guda, a rubuta kowane fili da aka ba da don masana'anta ko ajiya, na Gwamnati ne ko na ɗan kasuwa: girmansa, mai shi, shekarar da aka ba shi, abin da ke kansa, da ko yana aiki. Dagatai da masu unguwanni sun san kowane kango da tarihinsa. A liƙa jerin a ofishin Hakimi kowa ya gani.

Na biyu, a kira masu filayen a ba su zaɓi da wa'adi: ko su yi aiki, ko su ba da haya, ko su yi tarayya da wanda zai yi. Wanda ya ƙi duka ukun, a ƙara masa kuɗin ƙasa kowace shekara har ajiye kango ya fi ƙarfinsa. Soke takarda ya zama magani na ƙarshe.

Na uku, a raba manyan kangaye rumfa-rumfa a ba ƙungiyoyin gama kai na masu casa da mata masu turara shinkafa da masu busar da tumatir da albasa. A haɗa musu abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba: injin tsince tsakuwa, da daɓen shanya, da ma'auni na gaskiya, da ɗakin ajiya. Wuri ɗaya ya fi sauƙin kai wa wuta. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya wutarsu, cikin Janairu na 2023 kuma aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso. Rana kuwa ba ta ƙaranci a Bunkure.

Na huɗu, babbar masana'anta tana da wurinta, gama ƙaramin inji ba zai yi tumatirin gwangwani ba. Amma a ɗaura yarjejeniya tun kafin shuka, a rubuce, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ba da mutum ɗai-ɗai ba. A sa farashin ƙasa wanda ba za a sauka daga gare shi ba, da ƙari in kasuwa ta tashi, a biya cikin kwanaki ƙididdigaggu. In da hali a ba ƙungiyoyin hannun jari, don manomi ya san in injin ya tsaya aljihunsa ne ya tsaya. A kuma nemi abin da masana'anta za ta sarrafa bayan kakar tumatir, don kada ta kwana wata takwas.

RABON MALAMAI

Ku malaman ofis, magadan aikin En'e, littafin nan da mu ka ambata a hannunku ya ke. Iyayenku a wannan aiki sun ƙidaya kowane gida da kowace saniya da alƙalami da tawada, ba kwamfuta. In kun rubuta gaskiya, ba sani ba sabo, kun yi rabin aikin. In kuwa fayil ya ɓace don mai filin babba ne, kango zai shekara hamsin yana kiwon jemagu.

Ku kuma malaman makaranta, ku tuna inji ba ya gyara kansa. Yaron da ya gama sakandare a Kura bai iya auna eka ba, bai iya lissafin riba da faɗuwar buhu ba, bai iya karanta takardar yarjejeniya ba, za a ci gaba da cutarsa a bakin ma'auni, masana'anta kuma za ta ɗauko makanikai daga wani wuri. Ga tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga kwalejin aikin gona a Dambatta. Ku kai yara su ga magudana da injin casa, ku ɗauko misalan lissafi daga kwando da buhu, ku nuna wa 'yan mata cewa sana'ar iyayensu mata tana da ilmi a cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen da aka tasa daga gidajensu don a yi Tiga sun cika nasu alkawari fiye da shekara 50 ke nan. Jikokinsu ne yau ke tafiya ci-rani Ikko da Fatakwal, suna wucewa ta gaban katangun da babu kowa ciki sai mai gadi. Muna roƙon Gwamnati da Sarakuna da attajirai su dubi wannan, su fara da abin da ke hannu. Allah ya sa a gyara, ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin.